Awa Ɗaya da Tsakuwar Hadiza

Waɗanda suka san ni a harabar masallacin Regent's Park da ke London ba sa kirana Sabi'u kawai, sai sun ƙara da Mai Gishiri. Ni ne na taɓa ba su labarin ɓeran da na gani a tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda don girma sai da ya taɓa kati kafin ƙofa ta buɗe masa. Saboda haka na san abin da za a ce idan aka ga sunana a kan wannan rubutu. To ku ajiye dariyar tukuna. Wannan karon gishirin kaɗan ne, shi ma na sa shi ne don in iya gamawa. Labarin jinyar matata Hadiza ne, da yadda awa ɗaya tak a kwantiragin aikina ta tsaya tsakaninta da likitan tiyata.

Bari in fara da awar, don ta riga ciwon zuwa.

A Catford muke zaune, ni da Hadiza. 'Yarmu ɗaya, Iman, tana jami'a a wani gari. Aiki kuma a Croydon nake yi, a wani kamfani mai rarraba kayan ofis, ni ne ke zaune gaban kwamfuta ina tsara wa direbobi inda za su bi. Kamfanin yana yi wa cikakkun ma'aikatansa da matansu inshorar lafiya. Idan ciwo ya same ka, maimakon ka bi layin asibitin gwamnati, sai ka tafi na kuɗi, su biya. Ban taɓa amfani da ita ba, amma katinta ya yi mini aiki sosai wajen cika baki. Na sha gaya wa mutane cewa ko atishawa na yi da ƙarfi, jirgi mai saukar ungulu zai sauka a kan rufin flat ɗinmu.

Shekara biyu da suka wuce na je wurin manajanmu na roƙe shi yammacin Juma'a. Kada wani ya ɗauka babu masallaci a Croydon. Akwai, tafiyar ƙafa ma, cikin hutun abincin rana za ka je ka dawo. Amma a Regent's Park ake majalisa. Ana sallame salla sai mu taru a gefe, Kanawa da Zazzagawa da 'yan zangon Kumasi, wanda ya dawo daga gida ya buɗe kilishi, mu gyara Najeriya tas kafin La'asar. Mutum irina a hana shi wannan, ai ɗaure shi aka yi. Manaja bai ma bari na gama bayani ba. Ya ce babu komai, zai rage kwantiragina daga awa talatin da bakwai da rabi zuwa talatin da huɗu, in kuma ina son cike giɓin albashi, ga obatayim ranar Asabar. Na fito ina cewa ban taɓa ganin Bature mai tsoron Allah irinsa ba. Har mutum biyu na koya wa dabarar a majalisa, suka je wuraren aikinsu suka yi irinta.

Abin da bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, shi ne a kamfaninmu ba a kiran mutum cikakken ma'aikaci sai kwantiraginsa ya kai awa talatin da biyar. Na faɗo ƙasan layi da awa ɗaya. Obatayim kuwa, ko a ofis kake kwana, ba ya shiga lissafi. Tun daga ranar katin da ke aljihuna ya zama roba kawai, ni kuma ina ta yawo da shi ina yi wa jama'a alkawarin jirgi.

Ciwon ya fara ne a makon babbar Salla. Mun ci soyayyen nama kamar gobe za a hana sayar da shi. Da yamma na ga Hadiza ta dafa bangon kicin, ta danne ƙasan haƙarƙarinta na dama, gumi na tsattsafo mata a goshi. Sai na gaya muku wace ce Hadiza. Bazazzagiya ce da ta tashi a gidan da mace ba ta cewa wash. Ranar da za ta haifi Iman sai da ta gama wanke-wanke sannan ta ce mini, "In ba ka da abin yi, zo mu leƙa asibiti." Ni kuwa idan takarda ta yanke ni a yatsa, wasiyya nake fara bari. Shekara ashirin da 'yan kai muna haka, kowa ya san rabonsa. Ita ta rage, ni in ƙara, gaskiya ta tsaya a tsakiya.

Na ce, "Lafiya, Hajjaju?"

"Ba komai, Baban Iman. Maiƙo ne ya yi yawa, ulsa ta motsa."

"Yaushe kika yi ulsa ban sani ba?"

"Yanzu."

Mako na biyu ciwon ya dawo, wannan karon har kafaɗa da gadon baya, ga amai. Na shiga layin wayar GP, wato likitan unguwa, da sassafe, na saurari kiɗan da suke sa wa masu jira har na haddace shi. Muka samu ganin wata likita matashiya, mai fara'a, amma da ganinta ka san ta gaji. Ta tambayi Hadiza, daga ɗaya zuwa goma, ina ciwon ya kai?

"Uku," in ji Hadiza. "Yau ma da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na ce, "Likita, ɗari biyu ne! Jiya har maƙwabta sai da suka ji ciwon ta bango!"

Likita ta dube ni, ta dube ta. Ga mace zaune tsaf da mayafinta tana murmushi, ga ƙato yana ɗaga hannu sama yana zancen bango. Ku da kanku wa za ku gaskata? Ta ce za a yi hoton ciki, ta rubuta kalmar da har gobe ban manta da ita ba: routine. Wato ba na gaggawa ba ne, a bi layi.

A cikin bas na ce mata, "Don girman Allah, me ya sa kika ce uku?"

Ta ce, "Da na san za ka yi shiru da na ce biyar. Kunyarka ce ta sa na rage."

Makonnin jiran hoto, 'yan'uwa suka cika mu da magani ta waya. Yayarta, Yaya Rabi, daga Zariya take bugowa kullum da sabon bincike. Yau sanyin Turai ne ya shiga ciki, a ba ta kanwa da tafarnuwa. Gobe a'a, baki ne, an ga hotonta na Salla ta yi kyau. Jibi ta samo wani direba mai zuwa Legas wanda ya san wani mai zuwa London, za a aiko da sassaƙe. Ban yi mata musu ba, don ƙauna ce ta sa take yi, kuma ni ba ni da abin da ya fi nata a hannu.

Da aka yi hoton, sai ga shi tsakuwa ce a matsarmama, ba ɗaya ba. Aka ce maganin shi ne a cire matsarmamar gaba ɗaya, ƙaramin aiki ne, ta 'yan ƙananan hudoji ake yi. Amma layin tiyata watanni ne, kuma ba wanda zai iya cewa nawa. A guji maiƙo, in zazzaɓi ya zo ko ido ya canza launi, a garzaya asibiti.

Muna isa gida na yi dariya, na zaro walat. Na ce, "Hajjaju, yau za ki san babban mutum kika aura." Na ajiye waya a kan tebur, na buɗe muryarta don ta ji yadda ake karrama ni. Wata mata ta ɗauka a ofishin inshora. Na karanta mata lambar katin da muryar masu karanta labarai. Na ji tana danna kwamfuta. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta ce, cikin ladabin nan nasu mai sanyi, ai kamfaninku ya cire sunanku tun shekara biyu da suka wuce, lokacin da kuka koma part-time, wato mai aikin gajeren lokaci.

"Part-time? Ni? Baiwar Allah, awa arba'in da wani abu nake yi duk mako! Kujerar ofis ma ta ɗauki siffata!"

Ta ce ta yi haƙuri da jin haka, amma abin da ke gabanta take karantawa.

Hadiza ta miƙo hannu. Ta ɗauki katin, ta juya shi, ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai. "Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji ta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na shiga ofishin manaja ko jaka ban ajiye ba. Ya ce shi ma bai ji daɗi ba, amma ba shi ya ja layin ba. Kamfani kuɗi yake biya a kan kowane kai da ya haura awa talatin da biyar, dole a tsaya a wani wuri. Na ce to ya mayar mini da awa ɗayan, ko shara ce a ba ni tsintsiya. Ya ce yammacin Juma'ata an riga an ba wani ɗan agency, ma'aikacin haya, sai dai a duba nan gaba. Sannan ya sauke murya ya ƙara da abin da ya fi komai muni. Ko yau aka mayar da ni, inshora ba za ta biya ciwon da aka riga aka san da shi ba. Pre-existing, in ji shi. Ita ce kalma ta biyu da na haddace.

A wurin shan shayi na ci karo da Bitrus, abokin aikina, mutumin Kafanchan, maƙwabcina kuma a Catford. Tun da muka gano muna jin Hausa muke gulmar ofis a gaban ofis. Da na gama ba shi labari ya girgiza kai.

"Oga Gishiri, kai ba ka lura ba? Duk wanda aka ɗauka bara, talatin da huɗu ake rubuta masa. Ka taɓa ganin sabon zuwa da talatin da shida? Mu da ake bi da dabara ke nan, kai kuma da ƙafarka ka je ka kai kanka, har da godiya."

Ƙanena Nasiru da ke Amurka ma bai yi mamaki ba. Ya ce, "Yaya, ai wannan wasan a nan ya fi ƙarfi. Mu doka ce ta ja layi a awa talatin. Babban kamfanin da ya ƙi yi wa cikakken ma'aikaci inshora, tara ake cin sa. To sai ka ga an rubuta wa mutum ashirin da tara. Ku gode wa Allah kuna da asibitin gwamnati a ƙasa ya tare ku." Na gode wa Allah kamar yadda ya ce, amma godiyar ba ta matsar da sunan Hadiza gaba a layi ba.

Na je wani ofishin ba da shawara kyauta. Matar da na gani ta ce ƙila akwai magana a doka, don ba a cika yarda a fifita cikakken ma'aikaci a kan mai gajeren lokaci haka kawai ba, amma bin kadin abin zai ɗauki watanni. Na ce mata watanni kam muna da su a hannu, wasu muke neman ragewa. Na tambayi asibitin kuɗi nawa za su yi aikin in mu za mu biya. Da suka faɗa sai da na zauna. Kuɗin zai sayi fili a bayan gari a gida, a kewaye shi, a sa ƙofar ƙarfe, a ɗauki maigadi mai rediyo.

'Yan majalisa, Allah ya saka musu, suka ce za a yi karo-karo. Na dawo gida da murna na gaya mata. Tana kwance a kan doguwar kujera da robar ruwan zafi a gefen ciki. Ta tashi zaune.

"Ba za a zaga da hula a ƙofar masallaci da sunana ba. 'Yan makaranta ne rabinsu, wasu ko kuɗin biza ba su gama haɗawa ba. Akwai layi, zan bi layi. Waɗanda ke gabana ma 'ya'yan mutane ne."

"Hajjaju, rai ake magana."

"Na ce da sauƙi."

Sai na zama mai jinya, ni da ko ƙwai ban iya soyawa ba. Gara ma da ban iya ba, don an hana suya. Na koyi dafa shinkafa da kifi a ruwa, babu mai, babu yaji. Na yi wata miyar kuɓewa da ko ƙuda ya zo sai ya yi mana jaje ya wuce. Tana ci tana cewa ta yi daɗi, ni kuma ina ci tare da ita don kada ƙanshin wani abu ya shigo gidan. Na daina zuwa obatayim don in zauna da ita ranar Asabar, albashi ya koma na ainihin mai awa talatin da huɗu, sai a lokacin na ga ƙanƙantarsa. Kuɗin tasi ya shigo, don bas na girgiza mata ciki. Ita ma aikin da take yi a kicin ɗin wata firamare ya tsaya. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Iman ta bugo tana tambaya da Turanci ko ta dawo gida, uwar ta amsa mata da Hausa cewa ta zauna ta yi jarrabawa, maiƙo ne kawai.

A wata na biyu ciwon ya tashi wata ranar Talata da rana har ta durƙusa a bakin gado. Muka tafi sashen gaggawa na asibiti. Mun shiga rana na tsaka, muka fito an kunna fitilun titi. Kusa da mu akwai wani tsoho da ya rantse tun yana saurayi ya shigo. Ma'aikatan suna ta gudu, ba wanda na gani zaune, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Aka yi mata allura, aka ɗebi jini. Kafin likita ya iso allurar ta yi aiki. Ya tambaye ta yaya take ji, ta ce da sauƙi sosai, ta kuma ba shi haƙuri don mun ɓata masa lokaci. Na buɗe baki, ta taka mini ƙafa. Aka sallame mu da ƙwayoyi.

Mako guda bayan nan aka ba mu ranar ganin likitan tiyata. Na yi booking ɗin tasi, na goge mata mayafi. Ana gobe za mu je saƙo ya shigo, an yi cancel, za a sanar da wata ranar. Na zauna a kan matakala da wayar a hannu. A makon nan ko labari ɗaya ban ba kowa ba. Direbobinmu suka fara tambayar Bitrus ko an yi mini rasuwa.

Sai Juma'ar da ba zan manta ba. Tun safe ta ƙi cin komai, tana lulluɓe da bargo tana cewa sanyi take ji, alhali rana ake yi. Labulen ɗaki a sake yake, ban ga fuskarta sosai ba. Na taso daga aiki na biyo gida, na ce yau a masallacin unguwa zan yi salla in dawo.

"Je ka majalisarka," in ji ta daga cikin bargo. "Fuskar nan taka ta jaje ta ishe ni. Ka je ka yi musu ƙarya ko ka ji daɗi. Maman Grace ta ce za ta leƙo."

Maman Grace ita ce Rifkatu, matar Bitrus, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Na ce, "Kin tabbata?" Ta ce, "Da sauƙi." Shekara ashirin da 'yan kai na san kalmar nan a bakinta ba ta auna komai, amma ran nan ina so in gaskata ta, sai na gaskata. Na tafi. Na kashe waya kafin huɗuba kamar yadda na saba. Aka idar da salla, wani ya dawo daga Kano da kilishi, aka ja ni gefe, aka ce Mai Gishiri ya yi kewar bakinsa. Na manta da wayar. Ina tsakiyar labari, ban ma tuna na mene ne ba, sai na ga wani ɗan majalisa yana kutsowa da wayarsa a sama.

"Malam Sabi'u, wani Bitrus ne ke neman ka. Ya ce ya buga wa duk Bahaushen da ya sani."

Muryar Bitrus babu wasa a cikinta. "Kana ina? Rifkatu ta je gidanku. Ta buɗe labule ta ga idon Maman Iman ya zama rawaya, jiki kamar garwashi, tana magana ba kan gado. Ta kira ambulance, suna asibiti. Taho yanzu."

Ban san inda na bar takalmina ɗaya ba, da silifan alwala na wani bawan Allah na fita. Na shiga tube, inda waya ba ta kamawa a layin da na bi. A can ƙasa ba mai iya gaya maka ko matarka na da rai. Jirgi ya tsaya a cikin rami, direba ya ce muna jiran fitila ta ba da hannu. Na riƙe ƙarfe ina karanta duk addu'ar da na iya, ina haɗa ta shiga kasuwa da ta hawa abin hawa. Ni da na ce jirgin sama zai sauka a kan rufinmu, ga ni a ƙarƙashin ƙasa da silifas ba iri ɗaya ba.

Na tarar da Rifkatu a bakin ɗaki da jakar Hadiza a hannu. Ta ce, "Baban Iman, har a cikin ambulance tana gaya musu da sauƙi. Na ce musu kada su saurare ta, ni na san irinsu, ni ma uwata haka take. Na ce su dubi idon."

Likitan da ya fito bai yi murmushi ba. Ya ce tsakuwa ɗaya ta sauko ta toshe hanyar da ruwan matsarmama ke bi, wurin ya ruɓe da ƙwayar cuta, cutar kuma ta fara shiga jini. An sa mata ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi. In jikin ya ɗan daidaita, da safe za su zura bututu ta baki su ciro tsakuwar. Na tambaye shi abin da kowa zai tambaya. Ya ce, "Da an ƙara yini ɗaya a gida, da wata maganar muke yi." Ya dubi Rifkatu ya ce ta kyauta.

Na shiga na gan ta, wayoyi a ƙirji, roba a hanci, idon nan kamar an shafa kurkum. Ta gane ni. Ta dubi ƙafata, ta motsa baki. Na sunkuya.

"Takalmin wa ka sato?"

Nan na yi kukan da nake ta ɓoyewa tun ranar katin.

Aka ciro tsakuwar washegari. Zazzaɓi bai sauka nan da nan ba, sai da ya yi ta hawa da sauka, duk lokacin da nas ta zo da ma'auni ni nake fara leƙa lambar. Iman ta iso ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Yaya Rabi ta ce ai tun farko ta san ciwon shawara ne, na ce haka ne, Yaya. Da jikin ya yi ƙarfi, likitoci suka ce ba za su mayar da ita layi ba, a wannan kwanciyar za a cire matsarmamar. Aikin da muka yi watanni muna roƙo, sai da ta leƙa kabari aka yi shi. Ban biya ko kwabo ba, kuma mutanen da suka yi shi, daga likita har mai goge ƙasa, ina yi musu addu'a. Amma ina nan a kan bakana cewa bai kamata sai idon mace ya zama rawaya sannan a yarda tana ciwo ba.

A barandar asibitin Bitrus ya kawo mini shayi a kofin takarda, ya ce, "Oga Gishiri, ni fa safiyar Lahadi nake aiki, shekara nawa coci na wuce ni. Ka karɓi Lahadina, in karɓi Juma'arka daga hannun ɗan agency, a rubuta a kwantiragi, kowa ya haura layi ya kuma gaida Ubangijinsa." Muka je wurin manaja tare. Ya ɗan tauna leɓe, ya ce zai duba. Bitrus ya ce ba komai, za mu jira a nan yana dubawa, ya ja kujera ya zauna. An rubuta. Sabon kati ya zo, kuma matsarmamar da ba zai biya wa ba tana can an jefar.

Ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Duk wanda zai je neman a rage masa awa, don Juma'a ne, don coci ne, don ɗauko yara daga makaranta ne, kafin ya yi godiya ya tambaya: a nan gidan, awa nawa ne cikakken ma'aikaci? In na sauko, me zai faɗi tare da ni, inshora ce, kuɗin hutun ciwo ne? Obatayim na shiga lissafi? In manaja ya amince da sauri fiye da yadda ka zata, sake tambaya. Mutum biyun nan da na koya wa dabara na bi su har gida. Ɗaya ya tsira, wurin aikinsu ba su da irin wannan layi. Ɗayan ya tarar da abin da na tarar, sai dai shi kowa nasa lafiya lau, yana kan gyarawa. Masu mata irin tawa kuma, ku buɗe labule ku dubi ido, kada ku tsaya a kan abin da baki ya faɗa.

Ranar da aka fito da ita daga tiyata ina zaune a gefen gado. Ta farfaɗo a hankali. Wata nas ta zo ta duba ta, ta yi tambayar nan tasu: daga ɗaya zuwa goma, ina ciwon ya kai? Na ga bakin Hadiza ya fara haɗa amsar da ya saba. Sai ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Takwas," in ji ta.

Nas ta waiwayo wurina, don labarina ya riga ya zaga ɗakin, tana jiran ta ji nawa zan ce. Na ce, "Takwas ne." Ban ƙara ko ɗaya ba.